Dankali a cikin ruwan sukari: ina ruwan yake tafiya, kuma me gwajin yake aunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji biyu na babbar sakandare a nan Kumasi, ina zaune a Aboabo. A darasin bayoloji mun yanka dankalin turawa dogo-dogo, muka auna nauyin kowane yanka, muka jefa su a tsantsar ruwa da ruwan sukari mai kaurin mola 0.2, 0.4, 0.6, 0.8 da 1.0. Na cikin tsantsar ruwa ya ƙara nauyi ya yi tauri, na 0.2 ya ɗan ƙaru, sauran duk suka ragu suka yi laushi. Abu uku ne suka ɗaure mini kai. Tunda sukari yana da nauyi, me ya sa dankalin da ya jiƙu a cikinsa ya ragu maimakon ya ƙaru? Na 0.8 da na 1.0 kusan daidai suka ragu, shin kuskure muka yi? Kuma layin giraf ɗinmu ya ratsa sifili wajen 0.3, na abokanmu da suka yi da dankalin Hausa ya ratsa can gaba. Wannan yana nufin sukarin da ke cikin dankalinmu mola 0.3 ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya ƙara fahimta. Sakamakon da kuka samu shi ne abin da ya kamata a samu, ba ku yi kuskure ba. Tambayarka ta uku ita ce mafi nauyi, amsarta kuwa a'a ce, kuma a nan ne ɗalibai da yawa suke yin tuntuɓe, har da waɗanda suka zana giraf mai kyau. Amma kafin mu kai gare ta dole mu san abin da ke cikin yankan dankalin da ka riƙe a hannu.

Kowane yanka tarin ƙwayoyin halitta ne masu ɗimbin yawa, kuma kowace ƙwaya tana da rufi biyu waɗanda aikinsu ya sha bamban. Na waje shi ne bango, wanda aka gina da zaren selulos. Yana da ƙarfi, amma ba ya tare komai, domin ruwa da sukari da gishiri duk suna ratsa shi ba tare da wata wahala ba. Na ciki shi ne tantani, siriri ƙwarai, yana manne da bangon daga ciki, kuma shi ne mai zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita. A tsakiyar ƙwayar akwai jakar ruwa, wadda ita ma nata tantanin ya kewaye ta, cike da ruwan da abubuwa iri-iri suka narke a cikinsa. Ruwa yana ratsa waɗannan tantanai da sauri, wani ta jikin tantanin kansa, mafi yawa kuma ta wasu ƙananan ƙofofin furotin da ake kira akwaforin, waɗanda Peter Agre na Amurka da abokan aikinsa suka tabbatar da aikinsu a 1992, har ya sami kyautar Nobel a 2003. Sukarin shayi kuwa, wato sukuros, ƙwayarsa babba ce: nauyin mol ɗaya nasa (mol ƙayyadadden adadi ne na ƙwayoyi, mola kuma yawan mol ne a cikin lita ɗaya) giram 342 ne, alhali na ruwa giram 18 ne kawai. Ba ya shiga waɗannan ƙofofi, kuma a cikin awa ɗaya ko biyu na gwajinku abin da zai ratsa tantanin bai taka kara ya karya ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake zaɓen sukuros don wannan aiki.

To idan sukari ba zai iya motsawa ba, ruwa ne zai motsa, kuma wannan motsin ruwa ta cikin tantani mai zaɓe shi ne osmosis. Ƙwayoyin ruwa suna shiga suna fita a kowane lokaci, ta ɓangarorin biyu. Abin da ma'auninku ya nuna shi ne bambancin da ke tsakanin mai shiga da mai fita. Masana suna tantance inda rinjayen zai karkata da wani ma'auni da za mu kira kuzarin ruwa, wanda ake rubutawa da harafin Girka Ψ, ana ƙidaya shi da ma'aunin matsi, wato megafaskal (faskal miliyan ɗaya) ko kilofaskal (faskal dubu). An ba tsantsar ruwa da ke buɗe a kofi sifili. Duk abin da ka narkar a cikinsa yana rage masa kuzari, sai lambar ta sauka ƙasa da sifili, kuma gwargwadon yawan abin da ya narke gwargwadon nisan saukarta. Ruwa yana barin inda kuzarinsa yake sama ya tafi inda yake ƙasa. Ka kula da lambobin da ke ƙasa da sifili, domin suna yaudarar ido: −0.5 ya fi −1.5 girma, saboda haka ruwa zai bar −0.5 ya nufi −1.5.

Da wannan amsar tambayarka ta farko ta fito. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ɗanyen dankalin turawa ruwa ne. A kofin mola 0.6, ruwan da ke waje ya fi na cikin ƙwayoyin ƙarancin kuzari, sai ruwan dankalin ya riƙa fita zuwa kofi, sukarin kuma ya tsaya a bakin tantani. Dankalin bai sha sukari ba. Ruwansa aka janye, kuma nauyin wannan ruwa ne ya ɓace daga ma'auni. Ɗan sukarin da ya shiga ramukan bango da wanda ya manne a fatar yankan ba zai rama wannan asara ba. Da ka lura da kofin da kyau za ka ga cewa shi ma ruwan sukarin ya ɗan tsinke, domin ruwan dankalin ya haɗu da shi, kuma saboda haka ne ake son ruwan kofin ya yi yawa ƙwarai idan aka kwatanta da girman yankan.

Sai mu duba ɗaya ɓangaren, wanda ba ka tambaya ba amma sai da shi za a gane sauran. Yankan da ke cikin tsantsar ruwa ya ƙara nauyi, to amma me ya tsayar da shi? Ruwan cikin ƙwayar ba zai taɓa zama tsantsa ba, ko da nawa ya shiga, don haka da narkakkun abubuwa kaɗai ke yanke hukunci da ruwa ya ci gaba da shiga har ƙwayar ta fashe. Hakan kuwa yana faruwa da jajayen ƙwayoyin jini idan aka sa su a tsantsar ruwa, domin ba su da bango. Ƙwayar tsiro tana da shi. Yayin da ruwa yake shiga, jakar ruwa tana kumbura tana tura tantani zuwa jikin bango, bangon ya ɗan miƙe kaɗan, sa'an nan ya fara mayar da matsi. Ka ɗauki misalin tayar keke da tib ɗinta: tib ita ce tantani, taya ita ce bango, kuma tib ba ta fashewa saboda taya ta riƙe ta, tayar kuma ba ta yin tauri sai tib ta cika. Matsin da ke cikin cikakkiyar ƙwayar tsiro yakan kai tsakanin megafaskal 0.5 da 1, wato ya ninka iskar tayar ƙaramar mota, wadda ba ta wuce kimanin 0.2 zuwa 0.25 ba. Wannan matsi ne ka ji a yatsunka lokacin da ka yi ƙoƙarin lanƙwasa yankan ya ƙi, ko ya karye ƙas. Shi ne kuma yake tsayar da ganyen makani da latas a tiren mai sayarwa a kasuwar Kejetia, kuma shi ne yake raguwa da rana tsaka har ganyen ya yi yaushi, mai kayan ta yayyafa masa ruwa.

Saboda haka kuzarin ruwan ƙwaya haɗin abu biyu ne masu jan juna. Akwai jan narkakkun abubuwa, Ψs, wanda kullum yake ƙasa da sifili, yana jawo ruwa ciki. Akwai matsin bango, Ψp, wanda yake sama da sifili a cikakkiyar ƙwaya, yana tura ruwa waje. Ana rubuta Ψ = Ψs + Ψp. A cikin tsantsar ruwa, ƙwayar tana sha har matsin bango ya yi daidai da jan narkakkun abubuwa, jimillar ta koma sifili, sai ƙarin nauyi ya tsaya. Ka riƙe wannan lissafi, domin amsoshin biyu da suka rage a kansa suka dogara.

Game da kofin 0.8 da na 1.0, daidaituwar da kuka gani alama ce ta aiki mai kyau, kuma da layinku ya sauka a miƙe tun daga sifili har 1.0 da na fi shakkarsa. Dalilan sun taru ne. Da farko, ruwan da ke fita yana barin narkakkun abubuwa a ciki, ruwan ƙwayar ya ƙara kauri, bambancin da ke tsakanin ciki da waje ya ragu, fitar ta yi sanyi. Sa'an nan akwai ɓangaren nauyin dankalin da osmosis ba ta taɓawa ko kaɗan, wato sitaci da bango da sauran busasshen jiki. Dalili mafi muhimmanci kuwa shi ne abin da ke faruwa bayan matsin bango ya ƙare. Muddin akwai matsi, fitar ruwa tana sa bangon ya ɗan tsuke, yankan ya gajarta ya rage nauyi. Da zarar matsin ya kai sifili, bangon ya koma girmansa na asali, ba ya ƙara tsukewa sosai. Abin da ke ci gaba da ƙanƙancewa shi ne tantani da abin da ke cikinsa, wanda yake janyewa daga jikin bango. Wannan hali shi ne filasmolisis. Gurbin da ya buɗe tsakanin tantani da bango ba iska ke cika shi ba, ruwan sukarin kofi ne, domin bango ba ya hana shi wucewa. Ke nan ruwan da ya fita daga jakar ruwa an maye wani ɓangarensa da ruwan sukari a cikin yankan, kuma ma'auni ba ya bambance su. Shi ya sa giraf yake sauka da sauri a tsakiya, ya kwanta a ƙarshe. Idan da rula kuka auna tsawo maimakon nauyi, kwanciyar ta fi fitowa fili da wuri, tunda tsawo bango yake bi.

Ina so ka ga wannan da idonka, domin bayani ba ya kai gani. Ka samo jar albasa, ka ɓare siririyar fatar da ke da launi daga bayan ɗaya daga cikin ɓawonta masu nama, ka shimfiɗa ta a kan gilas da ɗigon ruwa, ka duba a maikuroskop. Za ka ga ƙwayoyi a jere, kowace cike da launin ja har bakin bangonta, domin launin a cikin jakar ruwa yake. Sai ka ɗiga ruwan sukari mai mola 1.0 a gefe ɗaya na murfin gilas, ka sa tishu a ɗaya gefen ya jawo shi ta ƙarƙashi. Cikin 'yan mintoci launin zai fara barin kusurwoyi, ya tattaru a tsakiya ya ƙara duhu, layukan bango kuma su tsaya inda suke, da fili marar launi tsakaninsu da jan dunƙulen. In ka mayar da tsantsar ruwa kafin lokaci ya ja, jan zai sake bazuwa ya cika ƙwayar, wanda ke nuna cewa tana da rai. Da irin wannan kallo Hugo de Vries na ƙasar Holan ya yi aikinsa a shekarun 1880, yana amfani da ganyen wani tsiro mai shuɗi-shuɗin ja a ƙasansa wanda har yau ake shukawa don ado a harabar gidaje da makarantu. Kafin shi, Wilhelm Pfeffer na Jamus ya auna matsin osmosis na ruwan sukari a 1877, kuma a kan alƙalumansa ne Jacobus van 't Hoff ya gina lissafin da za mu yi amfani da shi yanzu. Van 't Hoff ne mutum na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta kemistiri, a 1901.

Yanzu tambaya ta uku, inda gizo ke saƙa. Wurin da layinku ya ratsa sifili shi ne kaurin da dankalin ba ya ƙaruwa ba ya raguwa a cikinsa, domin ruwan da ke shiga ya yi daidai da mai fita. Abin da ya yi daidai a can shi ne kuzarin ruwan dankalin da kuzarin ruwan kofin. Wannan kawai gwajin ya faɗa, kuma tsalle biyu ne tsakaninsa da cewa akwai sukari mola 0.3 a cikin dankalin.

Tsalle na farko shi ne ɗaukar cewa abin da ya narke a cikin ƙwayar sukari ne. Osmosis ba ta duba irin abin da ya narke, yawan ƙwayoyinsa take ƙidayawa. A cikin ruwan ƙwayar dankali akwai fotasiyam mai yawa, akwai asid irin na lemun tsami, akwai amino asid, akwai sukari iri-iri, kuma dukansu suna ja tare. Sukarin ɗanyen dankalin turawa kaɗan ne, shi ya sa ba ka jin zaƙi idan ka ɗanɗana. Sitaci kuwa, wanda shi ne mafi yawan busasshen jikin dankali, ba ya shiga lissafin kwata-kwata, domin ba ya narkewa. Yana zaune ne dunƙule-dunƙule a cikin ƙwayar. A ganina wannan yana cikin mafi kyawun hikimomin da ke cikin halittar tsiro: da dankali ko doya ko rogo za su ajiye abincinsu duka a matsayin narkakken sukari, da jan ruwan da zai biyo baya ya fi ƙarfin bangonsu, amma da aka ɗaure dubban ƙwayoyin gulukos aka mayar da su sitaci sai ajiyar ta zauna lafiya ba ta jan komai.

Tsalle na biyu shi ne mantawa da bango. A wurin da nauyi bai canja ba, ƙwayar tana nan da matsin da take da shi tun kafin a yanka ta, wato Ψp bai zama sifili ba. Tunda Ψ = Ψs + Ψp, kuma Ψp yana sama da sifili, dole Ψs ya fi Ψ nisa ƙasa. Ma'ana, ruwan cikin ƙwayar ya fi ruwan kofin da ya daidaita da shi kauri, matsin bango ne ya cike gibin. Mu sa lambobi. Lissafin van 't Hoff yana cewa jan ruwan sukari daidai yake da kauri sau R, wata lamba da ba ta canjawa wato 8.314, sau zafi a ma'aunin Kelbin. A zafin digiri 30, irin wanda aka saba da shi a ɗakin karatu a Kumasi da rana, wato Kelbin 303, mola 0.3, wanda yake daidai da mol 300 a cikin lita dubu, yana ba da 300 × 8.314 × 303, kimanin faskal 756,000, wato Ψ na kusan −0.76 megafaskal. Wannan ne kuzarin ruwan dankalinku. A ce matsin bangonsa 0.3 ne a ranar. To Ψs zai zama kusan −1.06, daidai da ruwan sukari da ya haura mola 0.4. Ka kuma sani cewa wannan lissafi yana aiki da kyau ne a ruwa marar kauri sosai. A mola 1.0 yana ba da kimanin 2.5, alhali abin da aka auna na sukuros ya kusa 3.5, saboda haka idan malaminku ya ba ku jadawalin alƙaluman da aka auna, shi za ka bi.

In ana son Ψs shi kaɗai, wani gwaji ake yi, da maikuroskop. Ana sa fatar albasa a jerin ruwan sukari, a ƙidaya ƙwayoyin da tantaninsu ya fara barin bango a kowane, a nemo kaurin da rabin ƙwayoyin suka fara janyewa. A wannan gaɓa ana ɗaukar matsin bango sifili ne, don haka Ψs na ƙwayar ya yi daidai da na kofin. Gwajin nauyi yana auna Ψ, gwajin ƙidaya yana auna Ψs, kuma wanda ya rubuta a takardar jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE cewa layin ya nuna kaurin da kuzarin ruwansa ya yi daidai da na dankalin ya faɗi abin da gwajin ya tabbatar, bai ƙara komai daga kansa ba.

Batun abokanka kuma ya zama mai sauƙi. Dankalin Hausa yana da narkakken sukari fiye da na turawa, harshe ma yana shaida hakan, saboda haka kuzarin ruwansa ya fi sauka, sai an kai ruwan sukari mai kauri kafin a daidaita da shi. A kofin da naku ya fara raguwa, nasu yana iya ci gaba da ƙaruwa. Shi na turawa yawanci yana ratsawa ne tsakanin mola 0.2 da 0.4, don haka 0.3 ɗinku yana kan hanya. Amma ba lamba ce da aka kafa wa dankali har abada ba. Wanda ya yi doguwar tafiya a buhu ya kwana biyu a rumfar kasuwa ya riga ya rasa ruwa, matsinsa ya ragu, ruwan cikinsa ya ƙara kauri, kuma layinsa zai ratsa gaba da na sabon tono. Wanda ya daɗe a firiji shi ma haka, domin sanyi yana sa wani ɓangaren sitacinsa ya koma sukari. Ƙungiyoyi biyu a aji ɗaya suna iya samun amsa daban, kowace tana da gaskiya a kan dankalinta.

Tunda na ga kana da niyyar fahimta, bari in faɗi wuraren da wannan gwaji yake lalacewa, domin mafi yawansu tun kafin a taɓa dankalin ne. Mola 1.0 na sukari shi ne giram 342 a narkar da shi a ƙara ruwa har jimillar ta kai lita ɗaya. Wanda ya zuba giram 342 a kan cikakkiyar lita zai sami kusan lita 1.2, kaurin ya koma wajen 0.8, duk sauran kofunan da aka tsinka daga gare shi su gaji kuskuren. Idan sukari ya yi tsada, giram 85.5 a cike zuwa mililita 250 ya isa aji. Daga nan, mililita 4 na wannan da 16 na ruwa yana ba da 0.2, 8 da 12 yana ba da 0.4, haka har sama. Dukan yankan su fito daga dankali ɗaya, a fere ɓawon sarai domin yana hana ruwa wucewa, su zama kauri ɗaya da tsawo ɗaya, tunda siririn yanka yana daidaita da wuri fiye da kakkaura. Tsane ruwa kafin awo shi ne inda hannu ya fi yin ɓarna: a mirgina yankan a kan tishu sau ɗaya ko biyu, iri ɗaya ga kowane, ba tare da matsawa ba. Ruwan mola 1.0 yana da danƙo, yana manne wa yankan, kuma idan aka bar shi zai ɓoye wani ɓangaren raguwar, wanda shi ma yana iya ƙara kusantar da sakamakon 0.8 da na 1.0.

Kada ka zana giraf da giram ɗin da aka samu ko aka rasa, sai da kashi cikin ɗari: nauyin ƙarshe a cire na farko, a raba da na farko, a ninka da 100. A ce wani yanka ya tashi daga giram 5.00 zuwa 5.40, wani kuma daga 2.50 zuwa 2.70, na farko ya ƙaru da 0.40, na biyu da 0.20, amma dukansu kashi 8 ne, osmosis ta yi musu aiki iri ɗaya. Kaurin sukari yana kan layin kwance, canjin nauyi a kan na tsaye, sifili a tsakiyarsa domin akwai lambobi sama da ƙasa. A kowane kofi a sa yanka uku a ɗauki matsakaici. Batun lokaci kuma yana da muhimmanci a yanayinmu: awa ɗaya zuwa biyu ya isa ga siraran yanka, amma ruwan sukarin da aka bari ya kwana a zafin Kumasi yana fara tsami, yis da ƙwayoyin cuta su ci sukarin su taɓa dankalin, kiyashi kuma su sami hanya. In dole ne ya kwana, a rufe kofunan a sa su wuri mai sanyi, rufin ma yana hana ruwa tashi ya ƙara wa abin kauri.

Akwai kofi ɗaya da nake ganin bai kamata a bar shi ba, kuma sau da yawa ana barinsa: yankan da aka tafasa na 'yan mintoci kafin a jefa shi. Zafi yana lalata tantani, ya daina zaɓe, sai sukari da ruwa su riƙa wucewa yadda suka so. Dafaffen yanka ba ya yin tauri a tsantsar ruwa, kuma ba ya bin tsarin da ɗanye ya bi a jerin kofunan. Wannan ne yake tabbatar da cewa tantani mai rai ne ke aikin. Haka abin yake a gwajin kofin doya da ke littattafanku, inda ake fere doya a rarake cikinta a zuba ruwan sukari a ajiye ta a kwanon ruwa: a ɗanyar doya ruwan ramin yana hawa, a dafaffiya ba ya hawa.

Idan wata rana aka ba ku gishiri maimakon sukari, kada ka yi tsammanin layin zai ratsa a wuri ɗaya. Gishiri yana rabuwa gida biyu a ruwa, sodiyam da kulorayid, don haka mola ɗaya nasa yana ja kusan ninki biyu na mola ɗaya na sukari, kuma dankalin da ya daidaita a 0.3 na sukari zai daidaita wajen rabin haka a gishiri. Mol ɗaya nasa kuma giram 58.5 ne kawai, saboda haka cokali ɗaya na gishiri ya fi cokali ɗaya na sukari ja nesa ba kusa ba. Wannan jan ne yake sa yankakkiyar kokwamba ta tsatso ruwa idan aka barbaɗa mata gishiri, shi ne kuma yake ƙona shukar da aka tula wa takin zamani a gindi, domin ruwan ƙasar da ke kewaye da saiwa ya fi na cikinta ƙarancin kuzari, sai ruwa ya juya ya bar shukar.

Shawarata ita ce ka nemi izinin malaminku ku sake gwajin, amma a taƙaice. Kun riga kun san amsar tana tsakanin 0.2 da 0.4, kuma tsakanin waɗannan biyu ba ku da awo ko ɗaya, layi kawai kuka ja. Ku haɗa 0.20, 0.25, 0.30, 0.35 da 0.40, wato mililita 4, 5, 6, 7 da 8 na mola 1.0, kowane a cike shi zuwa 20. Ku raba dankali ɗaya biyu, ku jiƙa yankan rabi ɗaya a tsantsar ruwa na awa ɗaya, ku bar na ɗaya rabin a buɗe a kan tebur su sha iska na wannan lokaci, sa'an nan ku auna nauyin farko ku jefa su. Narkakkun abubuwan da ke cikinsu kusan ɗaya ne tunda daga dankali ɗaya suka fito, abin da ya bambanta shi ne ruwan da suka riƙe da matsin bangonsu. Waɗanda aka jiƙa za su ratsa sifili kusa da tsantsar ruwa, mai yiwuwa ma su ragu a duka kofuna biyar, waɗanda suka sha iska kuma za su ratsa gaba da 0.3. Ku rubuta zafin ɗakin a ranar domin lissafin Ψ, kuma ka turo mini alƙaluman mu duba su tare.